Ƙoƙuna Uku a Tabarmar Baffa

Ni tela ne, rumfata a kasuwar Magariya tana kallon filin da masu tallar magani ke tsayawa. A shekarar da mahaifinmu ya rasu, wani mutum ya riƙa zuwa filin nan duk ranar kasuwa a kan moto, wato babur, da ƴar jaka da lasifika. Ba ya haɗiye reza, ba ya wasa da maciji. Cewa yake yana karanta zuciyar mutum, in jama'a ta taru kuma sai ya fito da maganin basir.

Wasan nasa ɗaya ne. Ya shimfiɗa ƙyalle, ya ɗora goro da madubi da zobe, ya naɗe wata takarda ya ba wani dattijo ya riƙe. Sai ya kira mutum ɗaya daga cikin taro. In an gama zaɓe a buɗe takarda, a tarar an rubuta abin da mutumin ya zaɓa. Wuri ya ɗauki salati.

Ni kuwa ba na yarda da abin da ya zo da sauƙi. Matata kan ce ko ruwa aka ba ni sai na leƙa gindin moɗa. Na sa wa mutumin nan ido kasuwa uku a jere, har na ɓata wuyan rigar wani alhaji saboda kallo. A ta ukun na gano bakin zaren. Bai taɓa cewa “ɗauki wanda kake so” ba. Cewa yake, “Taɓa guda biyu.” Ranar, zobe ne a takarda. Wani manomi ya taɓa goro da madubi, sai ya ce, “Madalla, kawar da su,” zobe ya rage. Da yamma wata mata ta taɓa zobe da goro, sai ya ture madubi gefe ya ce, “Miƙo mini ɗaya.” Ta miƙa goro, ya ce, “Kun gani, zobe ta riƙe.” Da zoben ta miƙa, na tabbata sai ya ce shi zuciyarta ta fitar. Wato ba ya faɗin ma'anar taɓawa sai ka riga ka taɓa. Na ji daɗin kaina ƙwarai. Na kwana biyu ina ba duk wanda ya kawo ɗinki labari.

Bayan girbi aka kira ni gida, ƙauyenmu da ke kusa da Dantchiao, don rabon gado. Mu huɗu ne: yayana, da ni, da ƙannenmu mata biyu. Gonaki uku ne, kuma malamai suka ce rabon ya zo daidai, yaya ɗaya, ni ɗaya, matan su haɗu a ɗaya. A bakin dattawa gonakin duk ɗaya suke. Amma kowa ya san ta bakin fadama ita ce gona, don tana ba da rake da albasa ko da rani. Sauran biyun jigawa ce, sai gero da wake in damina ta yi kyau. Ina son fadamar nan, ba zan ɓoye ba. Yayana kuma shi ya fi kowa zama da tsoho, shi ke noma ta, shi ya sa tun a mota nake raya cewa ba zai sake ta ba.

A gidanmu babba ke rabawa, ƙarami ya fara zaɓa, kuma da yake ba a son wani ya nuna kwaɗayi a fili, ƙuri'a ake yi. Bayan la'asar muka zauna a zauren baffa, ƙanen mahaifinmu. Yaya ya shigo da ƙoƙuna uku, ya kife su a tabarma da hannunsa. Ƙarƙashin ɗaya guntun rake, alamar fadama, sauran biyun ƙwayar gero da ta wake. Shi kaɗai ya san wanda ke ina.

Ya dube ni ya ce, “To, ƙanena, taɓa guda biyu.”

Ina ji kamar lasifikar nan ce a kunnena. Na naɗe hannuwana na ce, “Yaya, kafin in taɓa, faɗa mini a gaban baffa. Waɗanda na taɓa, su ne za a kawar, ko su ne za a riƙe?”

Baffa ya ce, “Kai, yayan naka kake zargi?”

“Tambaya na yi, baffa. In babu komai a ciki, ai amsar ba ta da wuya.”

Yaya bai amsa ba. Wannan shirun ne ya tabbatar mini, kuma raina ya ɓaci. Ya daɗe yana kallon tabarma, sannan ya buɗe ƙoƙunan duka uku. Ya ce, “Ɗauki wadda kake so.” Na miƙa hannu na ɗauki guntun raken, ban ko ji kunya ba. Aka shafa fatiha aka tashi.

Washegari da safe ina ɗaure kaya zan koma Magariya, baffa ya aiko a kira ni. Na same shi yana gyaran igiyar guga.

Ya ce, “Ka yi gaskiya, an shirya ƙuri'ar nan. Ni da yayanka muka shirya ta.”

Na ce, “Ai na sani.”

“Ba ka sani ba. Duk ƙoƙon da ka taɓa, fadamar wajen mata za ta faɗa. Ƙanwarka babba mijinta ya rasu ya bar mata ƴaƴa biyar. Yayanka ya ce in ta samu rake da albasa ba za ta cire su daga lakwal, makarantar boko, ba. Jigawa ya yi niyyar ɗauka, kamar kai.”

Na ce, “To, me ya hana ya faɗa mini?”

Baffa ya ɗago kai. “Da ya faɗa maka, da ka yarda?”

Na san da ban yarda ba. Da na ce so yake ya noma ta da sunan ƙanwa.

Daga nan gidan ƙanwar tawa na nufa. Tana tankaɗe a tsakar gida, ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, ta tambayi lafiyar matata da yara. Na yi ta kewaye-kewaye, can na ce mata na zo ne mu yi musaya, ta karɓi fadama ta ba ni jigawa.

Ba ta daina tankaɗen ba. Ta ce, “A'a, yaya. A gaban mutane ka zaɓa, kowa ya ga abin da kake so. Riƙe abinka.”