Shatin Yatsan Inna a Allon Bango

Shekarun baya, lokacin mahaifiyata na da ƙarfin zagaye gida sau goma kafin ni in gama ɗaura kallabi, wani abu ya faru a gidanmu na Illela wanda har yau in na tuna sai in ji kunyar kaina. Kwanaki wata ta tambaye ni a nan yadda aka yi tsohuwa ta iya karatun boko da furfura a kanta. Na ce bari in ba ku labarin gaba ɗaya, ku yi mini dariyar ku huta.

Mu biyar ne a wajen Inna, ni ce auta. Babban yayanmu shi ne ɗan fari, kuma duk wanda ya san tsofaffinmu ya san me hakan ke nufi. Ba ta kiran sunansa, ba ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane. In ya shigo gaishe ta sai ta juya tana gyara abin da ba ya neman gyara. In ya zama dole ta ambace shi, sai ta ce "wancan". Mutum ya yi furfura, injiniya ne a ƙasar waje, 'ya'yansa huɗu, amma a bakin Inna sunansa wancan. Mun tashi mun tarar da haka, kuma mun san ba ƙiyayya ba ce, kunyar ɗan fari ce irin ta mutanen da.

A wani zuwa da ya yi hutu, ya sa mana sola, ya liƙa wani allo mai haske a bangon barandar Inna. Da shafawar yatsa ake kunna komai na gidan. Shi da kansa ya rubuta sunayen da Hausa: fitila, fanka, famfo, ƙofa. Can ƙasa a kusurwa akwai hoton ambulan, an rubuta wasiƙa, domin ya buɗe wa gidan akwatin imel ya haɗa da allon da kuma wayata. Inna ta kalli abin sama da ƙasa, ta ce da ni, ba da shi ba, alhali yana tsaye a wurin: "Yanzu bango ma sai an lallashe shi kamin shi ba mutum ruwa?" Daga ranar ba ta sake kallon allon ba, ni ke kunna komai.

Da ya koma, duk Juma'a yana kirana a waya. Ni kuma sai in buɗe murya in ajiye wayar a kan tabarma. Ikon Allah, duk ranar Juma'a a daidai lokacin nan ne Inna ke tuna tana da waken da za ta tsince, kuma babu inda ya fi haske sai gefen tabarmar. Wake ɗaya sai ta yi minti biyar tana juya shi a hannu.

Sai ciwon maƙogwaro ya kama shi. Murya ta fara shaƙewa, daga baya likita ya hana shi magana ɗungurungum. Kiran Juma'a ya tsaya, ya koma rubuto imel. Ni malamar firamare ce, sai in karanta a wayata lokacin hutun ƙarfe tara, in na dawo gida in ce, "Inna, Yaya na gaishe ku, jiki da sauƙi." Ta ce, "To." A ganina na sauke nauyi. Abin da ban faɗa mata ba shi ne likitoci sun fara zancen tiyata, kuma sun ce mai yiwuwa muryar ba za ta dawo ba. Na yanke wa kaina hukuncin cewa tsohuwa ba ta buƙatar wannan labari.

Ba a jima ba gidanmu ya fara hauka. In dawo daga makaranta in tarar tanki ya cika yana ambaliya har zaure. Wata rana duk fankokin gida na juyawa babu kowa a ɗakunan. Ranar da ta fi ƙona mini rai, ƙofar gida ce ta buɗe da kanta, awakin maƙwabta suka shigo suka yi walima da zogalen da na shanya. Na tambayi Inna, ta ce, "Ni mi na sani ga kayanku na zamani?" Na kira mai gyara, ya duba ya duba, ya ce, "Malama, abin ga lahiya tai lau. Hannu na ka taɓa shi." Ni da iyayina, maimakon in tsaya in yi tunanin hannun wa, sai na ce ya sa wa allon lambar sirri. Ya sa, na haddace, na ji ni gwana.

Tanki ya daina ambaliya, Inna kuma ta daina cin abinci. Furar da ba ta wasa da ita sai ta wuni a rufe. Ta rage magana, ta rage faɗa, kuma duk wanda ya san ta ya san in ta daina faɗa to ba lafiya. Na kai ta asibiti, aka auna jini aka auna komai, aka ce tsufa ne.

Wata Asabar da hantsi na ɗauko tsumma zan goge allon. Rana ta hasko shi ta gefe, sai na ga shatin yatsa birjik a jikin gilashin, mai maiƙo. A gidanmu mutum ɗaya ce ke shafa man kaɗanya a hannu. Shatin bai bazu ko'ina ba, duk ya taru a kusurwar ƙasa, inda ambulan yake, kuma maƙwabtan ambulan ɗin su ne famfo da ƙofa. A tsakiya kuma ga wasu sababbi, daidai inda lambobi ke fitowa. Wato sati biyu ke nan tana tsayawa gaban bango tana lalube, ko Allah zai sa ta dace da lambar da 'yarta ta kulle ta da ita. Na zauna a ƙasa da tsummana a hannu, na yi kuka sosai. Shekara goma sha ɗaya ina koya wa 'ya'yan mutane karatu, ban iya karanta uwata ba.

Ba zai yiwu in tunkare ta da maganar ba. Da na ce, "Inna, wasiƙar Yaya kike nema?" to da na kashe maganar har abada, don ko sama da ƙasa za su haɗe ba za ta amsa ba. Sai na cire lambar, na same ta a ɗaki na ɓata fuska, na ce na gaji da wahalar famfon nan, tunda ina makaranta da rana dole ta koyi kunna shi da kanta. Ta harare ni ta ce, "Ai da ma ke ta ba ki koya man ba." A ranar ta sha furarta har ta nemi ƙari.

Haka allon bango ya zama allon karatu. Ta taɓa shiga ajin yaƙi da jahilci na 'yan watanni a shekarun tamanin, kuma ta sauke Alƙur'ani tun tana budurwa, don haka haɗa baƙi da wasali ba baƙon abu ba ne gare ta. Yatsan ne matsala. Sai ta danna gilashin da ƙarfi kamar mai dangwala ƙuri'a. In ce, "Inna, shafawa ake yi." Ta ce, "To shi ji man da kyau mana." Muka fara da fa, fi, fu. Fanka ta ba mu fa, fitila ta ba mu fi. A rana ta uku ta nuna kusurwar ƙasa da haɓa, ba da hannu ba.

"Wanga na ƙasa hwa, mi shika kunnawa?"

Na ce ba ya kunna komai, wasiƙu ne ke shigowa ta nan.

"To, ba ruwana da shi." Can kuma ta ce, "Baƙin nan na hwarko nai, mi a sunanai?"

Na rubuta wa yayana na ce daga yau ya riƙa rubutu gajere, da Hausa zalla, kada ya tambaye ni dalili. Na ƙara girman rubutun allon, na ce idanuna ne suka fara rauni. Kullum da safe kafin in fita sai in "manta" wasiƙa a buɗe. In na dawo sai in tarar an kife turmi a gaban allon, don tsayuwa na gajiyar da ƙafafunta, kujera kuma ta yi mata ƙasa. Ba ta taɓa bari na kama ta a kai ba. Sai dai muna cin tuwo ta jefo tambaya kamar daga sama: in an haɗa baƙi kaza da kaza me ke nan? In faɗa mata, ta ce, "Uhm," ta ci gaba da cin tuwonta. Da azahar, da zafin Illela da kowa ke neman inuwa, ita tana kan turmi da tabarau a karan hanci.

Mun yi kamar sati bakwai a haka. Wata rana da la'asar ta ce, "In anka haɗa ti da ya da ta, mi ke nan?" Bakina ya riga hankalina, na ce, "Tiyata." Sai da kalmar ta fita na san abin da na yi. Ta ajiye carbinta ta dube ni, kallon da ban taɓa gani a idonta ba.

"Ashe 'da sauƙi' taku ke nan."

Ta ce saura kwana nawa, na ce tara. Ta ce muryar fa? Na faɗa mata gaskiya. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi mini faɗa ba, kuma wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Kwana biyu bayan haka na dawo daga makaranta na same ta a kan turmin, karo na farko ba ta tashi ba. A cinyarta akwai wata tsohuwar takarda da ta yi ja, irin wadda ake yagowa daga littafin rubutu. Ta ce, "Ke, abin ga ana maida amsa cikinai?" Na ce ana yi. Na buɗe mata wurin rubutu. Ta ajiye takardar a kan tabarma a buɗe, ta ce za ta yi alwala, ta daɗe ba ta dawo ba. Na gane an bar mini ne in karanta.

Rubutun yayana ne, tun yana aji ɗaya a makarantar kwana a Sakkwato. Wasiƙunsa na lokacin mahaifinmu yake aiko wa, amma wannan ita ya aiko wa ta hannun wani direba. Ya rubuta: "Inna ina gaishe ki. Ba ni jin daɗin abincin makaranta, na rame. Ki aiko mini da yajinki. Kada ki faɗa wa Baba. In kin ga takardata ki ba ni amsa." Ba ta iya karantawa ba a lokacin, kuma ba ta iya miƙa wa kowa ta ce karanta mini wasiƙar ɗan farina ba. Sai ta ninke ta sa a ƙasan adakarta. Shi kuma ya dawo hutu bai ga yaji ba, bai ji amsa ba, ya ɗauka an karanta mata ta share. Bai sake rubuto mata ba.

Ta dawo ta hau turminta. Na ce ta faɗa in rubuta mata, ta ce, "Hannunki ya ishe ni haka nan." Tun bayan la'asar take neman baƙaƙe ɗaya bayan ɗaya da yatsa guda, ta goge ta sake, sau biyu ta kunna famfo bisa kuskure. Ana kiran magariba ta gama. Layi ɗaya ne, babu babban baƙi, babu aya: "na ga takardarka yau yaji na nan tahe inna". Ita ta shafa wurin aikawa.

Matar yayana ta ce mini da ya karanta sai ya tsaya yana kallon wayar, bai gane ba. Can sai ya kife fuskarsa a kan katifar asibiti, kafaɗunsa na rawa. Amsarsa ta shigo da safe, Inna ta karanta abarta, kuma har yau ban san me ya ce ba, don wannan karon ban buɗe ba.

An yi tiyata, Allah ya ba da sa'a. Muryar ta dawo, sai dai a shaƙe, kuma haka take har yanzu. Ranar da aka shiga da shi Inna ta sa aka sauke turmin nan daga aikin kujera, ta daka yaji da hannunta, ta hana kowa taɓa taɓarya.

Abin da na koya bai da yawa, amma ya zauna mini. Na ɗauka wanda bai tambaya ba bai damu ba, na kuma ɗauka ɓoye wa tsoho gaskiya tausayi ne. Yanzu in na ga mutum ya yi shiru a kan abu, nakan duba inda yatsansa ke yawan zuwa.

Da yayana ya samu ƙarfin tafiya ya zo gida. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta juya tana gyara kwanon da ba ya neman gyara. Sai ta turo wata kwalba da ƙafa zuwa wajena ta ce, "Ba wancan saƙonai." Likita ya hana shi yaji har abada, duk mun sani. Ya buɗe kwalbar, ya dangwala da ɗan yatsa ya sa a harshe, hawaye na zuba. Ya ce da muryarsa ta shaƙe, "Ya iso, Inna."

Ba ta juyo ba. Ta ce, "Ya daɗe bisa hanya."