Sitiroberi a Hannun Mai Goro

A cikin ilimomin da ɗan Adam ya tara, babu wanda ya kai na ajiyar abinci daraja, kuma a unguwarmu ta Suleja babu shehin da ya kamo ƙafar kakata, Inna Dije. Goron da ta ɗaure da azumi yakan kai babbar salla garau, kamar jiya aka tsinko shi.

Wata Juma'a, ina aji huɗu na firamare, Malama Rifkatu, 'yar hayar gidanmu mai koyarwa a Garam, ta dawo daga Jos da kwandon wasu jajayen 'ya'yan itace masu ƙuraje. Sitiroberi, in ji ta. Surukanta za su zo ranar Lahadi bayan coci, da shi take son fita kunyarsu. Ɗakinta kuwa tanda ne da rana, sai ta danƙa wa Inna. "Mama, ke ce gwana, ki riƙe mini."

Inna ba ta tambayi kowa komai ba, don gwani ba ya tambaya a gaban yara. Ta sa na jawo ruwa a rijiya, muka wanke su sau uku, ta nannaɗe su a jiƙaƙƙen buhun algarara irin na ɗaure goro, ta danna cikin kwalla ta rufe ruf. Safe da yamma nakan bar 'yar gala-gala a tsakiya, ƙawayena na tsaki, in je in yayyafa musu ruwa. "Abu mai rai ba ya son ƙishirwa," in ji ta.

Ranar Lahadi da hantsi aka buɗe kwalla. Kowane ɗaya ya tsiro da gemu fari tas, ga warin tsami. Malama ta leƙa, ta yi dariya har da dafa bango. "Mama, ai wannan ba goro ba ne!"

"To 'yar nan, da kin ce mini rago ne." Inna ta shige ɗaka ta kwanto farin goronta na ji da kai, wanda ko Baba ba ta ɗanɗana wa, ta cika wa Malama faranti. Surukai suka tafi suna yabon tarbiyyar Malama.

Yanzu a titin Abuja ma ana tallarsa, kuma na san ƙa'idarsa: in an wanke, a shanya a tsumma ya bushe sarai, a shimfiɗa masa busasshen ƙyalle, a bar murfi a ɗage, a sa a firji. Haka na yi wa na yarana shekaranjiya, ina ta tuna hannun Inna, ina jin da tana nan da na nuna mata.

Rabonmu da wutar lantarki dai tun ranar, yau kwana biyu.