Daddawar Inna

Shekarar da aka rufe makarantu saboda korona, na tattara daga Karaye inda nake koyarwa na koma gida Gwangwan. Da tsoro na koma, ba na ɓoyewa. Kullum rediyo na kunnena, kullum sai an ce wani dattijo ya rasu a Kano.

Yayana kuwa ko a jikinsa. Dillalin shanu ne, mutum ne da in ya kama gardama sai dai ka gaji ka bari.

"Mura ce aka naɗa wa rawani," in ji shi. "Tari, zazzaɓi, ciwon kai. Wanne ne baƙo a ciki? Kowane sanyi muna yi, mu sha citta da kanumfari mu miƙe."

Na ce, "Yaya, mura ba ta kwashe tsofaffi haka."

"Malam ya sha boko. Tsoho ai da ma kwana yake jira."

Ya je ta'aziyya Kano har sau biyu, ya gaisa da kowa hannu da hannu, ya dawo ya zauna a tabarmar Inna suna cin tuwo kwano ɗaya. Na yi magana, Inna ta ce in bar mata ɗanta.

Inna, mahaifiyarmu, daddawa take yi tun kafin a haife mu. Ba ta ƙirga kwana. In ta dafa kalwa ta zuba a kwando ta rufe da ganye, hanci ne ke gaya mata ta yi ko ba ta yi ba. Wata safiya ta buɗe kwandon, wari ya cika gidan har zaure. Ta sunkuya ta shinshina, ta sake shinshinawa, ta mayar da ganyen ta rufe.

"Ba ta yi ba," ta ce. "Ko alamar wari babu."

A rediyo na ji cewa ciwon yana ɗauke jin ƙamshi. Na dubi Yaya.

"Mura ma tana toshe hanci," ya ce a hankali.

"Hancina a buɗe yake," in ji Inna, ta ja numfashi ta nuna mana. Sai tari ya biyo baya.

Ban taɓa son a kayar da ni a gardama ba irin ranar. Da yamma zazzaɓi ya kwantar da ita. Ma'aikacin lafiya ya zo daga Rogo ya duba ta, ya ce a ware mata ɗaki da kwano.

Yaya bai ƙara cewa mura ba. Kowace safiya sai ya ɗaura ƙyalle a fuska, ya soka ɗan curin daddawa a tsinin kara, ya tsaya bakin ƙofa ya miƙa mata.

"Inna, kin ji?"

Sai ta girgiza kai. Ni ina bayansa ina sauraron numfashinta, ina ƙirga kwanakin da ita ba ta taɓa ƙirgawa ba.

Ran kwana na goma sha ɗaya ta yamutsa fuska ta ture karan.

"Kai, ɗauke min. Wa ya bar ta ta zarce haka?"

Yaya ya durƙusa a bakin ƙofar, karan a hannunsa, yana kuka.