Zanen Laka a Bayan Kunkuru

Ƙarfe bakwai da rabi daidai na yamma, ranar wata Laraba, bayan an gama yankan dawa. Mu biyar ne a bakin wuta: Kaka, uwar mahaifina, da ni, da yayata Ladi, da ƙanena Bawa, sai Talatu 'yar maƙwabcinmu, wadda ba ta cin tuwon gidansu in dai ta ji ƙamshin miyarmu. Na san lokacin ne saboda agogon tebur da mahaifinmu ya bari sa'ad da aka tura bataliyarsu nesa da Zuru. Ni aka ɗora wa aikin murɗa masa makulli kowace safiya, kuma ban taɓa fashi ba.

Tsarin Kaka ba ya canzawa. Da farko a ci tuwo. Bayan nan a wanke kwanuka a kife su. Sannan a zuba karan dawa a wuta, a binne gyaɗa cikin toka. Sai an yi waɗannan ukun take buɗe baki. Wanda ya bar kwanonsa da datti ya hana kowa tatsuniya, kuma mu da kanmu muke hukunta shi. Hausarta a kasuwa ta koye ta, C'lela ce harshenta na gida. In labari ya yi zafi takan zame ta koma can ba ta sani ba, sai Ladi ta taɓa mata gwiwa, ta yi dariya ta dawo.

"Ga wata nan ta sauko daga dutse," in ji ta.

Muka amsa, "Ta zauna, akwai tabarma."

Ta ce Kunkuru ne ya yi noma shekara guda, ya cika rumbu a gindin tudu. A saman tudun kuwa Giwa ta tare rafi da ƙasa da itatuwa don ta sami wurin wanka. Kunkuru ya hau ya roƙe ta ta buɗe wa ruwan hanya, ta ce ta ji. Ran nan ta juya jikinta cikin ruwa, shingen ya ɓalle. Ruwa ya gangaro da laka, ya rushe rumbun, ya binne hatsin, shi kansa Kunkuru sai da ya nutse rabi.

Maƙwabta suka ji kukansa. Tururuwa suka fito da rundunarsu, Zomo ya zo, Kurege ya zo, har Bushiya. Suka kwashe laka, suka zubar da ruɓaɓɓen hatsi a rami, suka share fili, suka gina masa sabon rumbu. Sawun Giwa da ke cikin taɓo ma suka cike shi da ƙasa don kada yara su faɗa. Kafin rana ta faɗi wurin ya yi fes.

Kunkuru ya kama hanya zuwa wurin alƙalin dawa. Alƙali ya aiki Hankaka ya dubo ɓarna. Hankaka ya zagaya sau uku ya dawo ya ce, "Ranka ya daɗe, sabon rumbu na gani da tsabtataccen fili." Aka kori Kunkuru, har da gargaɗin kada ya ƙara ɓata sunan manya. Abu ɗaya ya rage masa, lakar da ta bushe a bayansa ta tsattsage. Ya rantse ba zai wanke ta ba sai an saurare shi.

"Shi ya sa har gobe kuna ganin zane-zane ga bayan Kunkuru," in ji Kaka. "Tafiyar nan da yake yi sannu-sannu, wurin alƙali za shi. Tatsuniya ta kwanta nan, mai so ya tashe ta gobe."

Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Gyaɗata ta zube cikin wuta. Duk tatsuniyoyin da ta taɓa yi mana, mugu ne ke shan kunya a ƙarshe. Na ce, "Kaka, ba haka ake ƙare labari ba! Giwa fa?"

"Zauna, maigidana, ka fi Kunkurun zafi." Haka take kirana in za ta tsokane ni. "Wa ya yi ɓarna?"

"Giwa."

"Giwa ta yi. To wa ya share sawunta?"

Bawa ya fara kuka, ya ce ai Tururuwa taimako suka yi. Kaka ta jawo shi jikinta ta ce, "Taimako sunka yi, ɗan nan. Ban ce miyagu ne ba." Na kwanta da fushi, na tashi da shi, har na yi kwana biyu ina zama nesa da wutar don ta gane.

Kaka ta rasu da daɗewa. Na girma, na koyi kafinta, na auri Asabe, na gina ɗakuna uku a gangaren unguwarmu. Asabe tana ɗinki da keken da ta yi shekaru tana tara kuɗinsa. A samanmu akwai wani kamfanin ruwan leda, wanda yake sako ruwan wankin tankunansa cikin lambatun unguwa. Guntayen ledarsu suka riƙa toshe kwalbatin da ke bayan katangata. Sau biyu na hau na yi magana. Sau biyun aka ce an ji.

Abin ya faru da rani, ba ko ɗigon ruwan sama. Ina can garin Kanya ina ɗora rufin wani gida, wayata ba ta kamawa. Da hantsi ma'aikatan kamfanin suka saki ruwan babban tanki gaba ɗaya. Ruwan ya iske kwalbati a toshe, ya dawo baya da duk ƙazantar da ke kwance cikin lambatu, ya fasa ƙasan katanga ya shiga gidana. Asabe ta ce ya kai mata gwiwa, baƙi, mai wari. Ya shanye katifu, ya jiƙa buhunan dawar da muka ajiye ta shekara, ya kifar da keken ɗinki ya cika shi da yashi.

Ta yi kururuwa, unguwa ta amsa kamar yadda muka gada. Sajan Dauda mai ritaya ya jera samari da shebur da bokiti. Mama Chika mai shago ta kawo sabulu da maganin kashe wari, ba ta karɓi ko sisi ba. Mata suka wanke ɗakuna. Dawar da ta fara tsami aka loda a baro aka zubar a rami aka rufe, don kada awaki su ci su mutu. Katifu aka ƙone. Keken aka kai wa mai gyara, ya warware shi gunduwa-gunduwa ya ce ba zai tashi ba. Har ramin katanga suka toshe da bulo. Su kuwa ma'aikatan kamfani, kafin magariba sun sauko shiru sun yashe kwalbatin tas.

Washegari ƙarfe huɗu na yamma na sauka daga mashin a ƙofar gidana. A tasha aka ba ni labari, don haka na zo da shirin ganin ɓarna. Na tarar da tsakar gida a share, ɗakuna suna ƙamshi, babu komai a ciki sai babbar durowa. Na tsaya riƙe da jakar kayan aiki, mutane suna yi mini jaje, ni kuwa muryar Kaka nake ji tana tambaya wa ya share sawu.

Na je ofishin kamfanin. Manajan ya ba ni kujera da ruwan sanyi, ya yi mini tambaya uku. Ta farko, ina da inshorar kayan gida? Na ce ni inshorar da na sani ita ce takardar mashin da ake nuna wa jami'ai a hanya, ban taɓa jin ana yi wa katifa da dawa ba. Ya ce da ina da ita, da masu inshorar ne za su biya ni, su kuma su bi kamfani. Tunda babu, sai na tabbatar da komai da kaina. Ta biyu, ina da hoto? Babu. Ta uku, ina kayan da suka lalace? Na ce wasu suna rami, wasu sun zama toka.

Ya turo wani ma'aikacinsu ya dubo. Ya shiga ɗaki ɗaya, ya leƙa na biyu, ya yi murmushi ya ce, "Baba, ai gidanka ya fi namu tsabta." Wallahi sai da na dubi bayansa ko zan ga fuka-fuki.

Bayan kwana uku Asabe ta ja babbar durowa za ta share ƙarƙashinta. A bangon da ke baya, inda hannun kowa bai kai ba, ga zanen laka miƙe, daidai tsayin gwiwa, da guntun ledar kamfanin manne a jiki. Ta ɗauko soso. Na riƙe hannunta na hana ta, abin da ban taɓa yi ba a zamanmu. Na ce ba mai taɓa wannan bango.

Labari ya kai kunnen Sajan, ya zo ransa a ɓace. "Malam Kafinta, an ce kana cewa mun cuce ka da munka share maka gida."

"Sajan, ban ce ba. Da ba ku zo ba, da Asabe ta kwana cikin ƙazanta."

"To mene ne na ajiye datti a ɗaki kamar kayan gado?"

Na kai shi ya gani, na gaya masa tambayoyin manaja. Ya daɗe yana kallon bangon. Sai ya cire hula ya dafe kai. Ya ce ranar da ruwan ke cikin gidan, wasu masu wucewa sun tsayar da mashin a titi sun ɗaga wayoyi suna ɗauka. Shi ne ya daka musu tsawa, ya ce su ajiye waya su ɗauki tsintsiya ko su bar wurin, ba a kallon masifar mutum kamar wasa. Suka tafi. Ya ce, "Ni na kore su, da bakina."

Yanzu maganar tana gaban mai unguwa. Kamfani bai ce ruwa bai zuba ba, cewa yake bai wuce tsakar gida ba. Asabe tana ɗinki a keken aro, rabin yini kawai, mai shi kuma ta fara tambaya. Dawa muna awo a kasuwa, mu da ba mu taɓa saye ba.

Ina yaro na ɗauka Kaka ta manta ƙarshen labarinta ne. Yau na gane ba ta manta ba. Ta san halinmu. Mu mutane ne da ba ma iya ganin maƙwabci cikin laka mu tsaya, kuma ba na fatan mu daina. Amma ita da ba ta taɓa shiga ofis ba ta san cewa mai ƙarfi ba ya biyan abin da ido bai gani ba, kuma ta san akwai tsari ko a cikin taimako: abin da za a fara da shi, da abin da zai biyo baya. Ita ce fa ta hana mu tatsuniya sai an wanke kwano.

Saboda haka ina roƙonka, kai mai karanta wannan. In kana cikin waɗanda wani dattijo ya yi wa tsawa a bakin titi ranar nan, ka yi haƙuri, ya yi nadama. Ka duba wayarka. In hoton yana nan, kada ka goge, ka kawo shi wurin mai unguwarmu, za a nuna maka gidan kafintan da ya hana a wanke bangonsa. In kuwa ba ka cikinsu, ran da ruwa ya shiga gidan maƙwabcinka ka ruga da tsintsiyarka, amma ka jingine ta a ƙofa tukuna, ka ɗauki hoton lakar kafin ka share ta.