Irin Kittani a Cikin Gora

A shekarar da hawan jini ya kama mai ɗakina, 'yarmu ta fari da ke aure a birnin Kano ta zo mana da wata leda cike da ƙananan ƙwayoyi masu ruwan ƙasa, suna sheƙi kamar an shafa musu mai. Sun ɗan fi riɗi girma. A jikin ledar akwai rubutun boko da na Larabci. Na bokon ban iya ba, na Larabcin na karanta: irin kittani.

"Inna, kullum da safe cokali ɗaya," in ji yarinyar. "A daka, a zuba a kunu ko a fura. Abinci ne mai taimako, ba magani ba. Ƙwayoyin asibiti kuma kada ki daina sha. Baba, don Allah rubuta mata."

Na ɗauko alƙalami da tawada na rubuta da ajami, na soke takardar a ƙusa kusa da ƙofar ɗaki. Uwar ta ɗebi kaɗan ta tauna.

"Riɗin 'yan birni ke nan? Ba daɗi, ba ɗaci."

Da ta zuba a kunu ya ɗan jima, sai ya yi yauƙi kamar karkashi. Ta ce ko ba komai ya san hanyar maƙogwaro.

Mai ɗakina 'yar manoma ce daga wajen Makoɗa. A gidansu duk ƙwayar da ta shigo, sai an fara cire iri kafin a ɗora tukunya. Ta sha ba ni labarin shekarar yunwa da mahaifinta ya rataye damin gero a saman ɗaki, suna kwana da tafasa a ciki, ba wanda ya miƙa hannu. Saboda haka duk wata idan yarinyar ta aiko da leda ta hannun direban motar kasuwa, sai ta raba biyu. Rabi na daka, rabi ta juye a wani ƙaramin gora, ta barbaɗa toka saboda ƙwari, ta toshe da tsumma. Rabin dakan shi take ja har wata ya ƙare.

Na gani, na kuma yi magana sau ɗaya.

"Hajiya, cokali ɗaya aka ce."

"Ai cokalin ne. An ce cike?"

"Na rubuta."

"Kai da ka rubuta kai ka san abin da ka rubuta. Ni dai ba zan cinye iri ba, Malam. Yarinyar nan tana da nata gidan. Har yaushe za ta yi ta aiko mana da abin da ƙasa za ta iya ba mu?"

Ni ma manomi ne, kuma a raina na ga gaskiyarta.

Haka aka yi tun daga kaka har bazara. Da ruwa ya sauka muka gama shukar gero, sai ta zaɓi wani fegi a bayan gida inda muke zuba takin awaki. Ta cakuɗa rabin abin da ke goran da yashi, ta yafa da hannunta yadda ake yafa riɗi, ta bi da ƙafa tana rufewa. Kwana huɗu bayan haka, da azahar, tana gaban murhu, ludayi ya faɗi daga hannunta. Ta sunkuya za ta ɗauka, ba ta tashi ba.

Kwananmu tara a asibiti. Muka dawo da ita ɓarin dama a shanye, baki a karkace, magana sai kalma ɗaya ko biyu. Likita bai ce komai a kan kittani ba, ni ma ban tambaya ba. Ko cikakken cokali zai hana, ko ba zai hana ba, Allah ne masani. Yarinyar ta baro gidanta ta zo jinya.

Kullum idan na dawo daga masallaci da safe, na leƙa ɗakin, tambayar mai ɗakina ɗaya ce.

"Ya fito?"

"Tukuna."

Fegin ya cika da tsiro. Akwai tafasa, akwai gasaya, akwai waɗanda ban tsaya na gane ba. Ban san yadda ganyen kittani yake ba, don haka na ji tsoron sa fartanya, kada na nome shi da hannuna. Sai na yi abin da ake yi wa irin da ake shakka. Na ɗebo kaɗan daga goran na ƙulle a jiƙaƙƙen tsumma, na ƙulla riɗi a wani tsumman, na ajiye su a gindin randa. A kwana na uku riɗin ya tsago. Kittanin ya kai kwana shida, sai yauƙi da fumfuna.

Na nuna wa yarinyar a tsakar gida. Ta duba tsumman, ta dube ni.

"Baba, shuka shi ta yi?"

"Tun kaka take tarawa."

"Ai soyayye nake saya. Mai shagon ya ce ya fi sauƙin daka." Ta zauna a kan turmi. Can ta ce, "Don Allah kada ka gaya mata. Shi kaɗai take tambaya."

Washegari Hajiya ta tambaya ko ya fito, na ce tukuna. Kalmar gaskiya ce a baki, amma na san abin da take sawa a zuciyar mai ji. Shekara arba'in da wani abu ban taɓa yi mata haka ba. Kwana goma sha ɗaya na yi ina faɗa. Ba zan ce na ji wani ciwo a raina ba. A kwanakin nan ba na jin komai sosai. Ina yi mata alwala, ina juya ta, ina zuwa gona, ina dawowa. Sai dai na lura idan na ɗauki alƙalami zan yi rubutu, hannuna ba ya tafiya.

Ranar wata Juma'a da hantsi ta tambaya, na zauna a bakin gadon.

"Hajiya, ba zai fito ba. Soyayye ne. Tun daga shago aka soya shi."

Ta zuba wa rufin ɗaki ido. Yarinyar tana bakin ƙofa da kwanon kunu, ba ta shigo ba, ba ta koma ba. Na jira kuka, ko faɗa, ko ta juya mini baya da ɓarin da ke motsi. Ba ko ɗaya. Na goge mata yawu a gefen baki.

Ta jima tana haɗa maganar kafin ta fito.

"Wurin."

"Na'am."

"Kuɓewa. Damina... na tafiya."

Na ce to. Irin kuɓewarta yana rataye a madafa tun bara, cikin kwansonsa. Na ɓare, na ɗauki fartanya na zaga bayan gida. Na nome fegin gaba ɗaya, na shuka layi huɗu, na wanke ƙafa na tafi masallaci.