Ranar da Na Ɓoye Goran Inuwa

Inuwa taubashina ne, ɗan ƙanin uwata, don haka duk abin da na faɗa a kansa halal ne. Tare ruwan dam ɗin Tiga ya taso mu daga garinmu muna yara, aka zube mu a tudu. Maza suka koma kamun kifi, shi ma ya bi sahu. Sai dai har furfura ta cinye gemunsa bai koyi iyo ba, kuma ni kaɗai na sani. Goransa ne ke iyo. Ƙaton goran duma ne, yakan kifa ciki a kai ya yi ta watsal-watsal kamar kwaɗon da ya ƙoshi.

Shekara arba'in yana kan goran nan, har ake ce masa Sarkin Ruwa, ba rawani ba naɗi. Sunan nan shi ne duk abin da ya mallaka. Duk sallah in baƙi sun zo shan iska da tabarmi da kulolin shinkafa, shi ke tsayawa da sanda yana nuna musu inda za su yi wanka. Nan masussukar ubansa ce, ruwa iya ƙugu. Can tsohuwar rijiyar gari ce, kar a kusanta. Da wani baƙo ya miƙa masa rigar nan mai hana nutsewa, cewa ya yi a kai wa mata.

Maganar ta tsaya mini a wuya. Washegarin sallah na sauke goran daga tsamiyar da yake rataye shi, na jefa a rumbuna, na tafi wanki.

Da hantsi wani ango daga Tudun Wada, Mas'ud, ya zo da amaryarsa Khairiyya. Inuwa ya nuna masa masussukar uban nasa. Shi Inuwan bai san ruwa ya daɗe da zaizaye ta ba, tunda bai taɓa sa ƙafa a wurin ba. Taku biyar ango ya yi, sai ga kai yana ɓulla yana komawa.

Kowa ya hau kiran Inuwa. Ya ruga tsamiya, wayam. Ya dawo ya tsaya ruwa iya idon sawu, ya ɓalle maɓallin riga, ya mayar, ya sake ɓallewa.

Mu matan da aka ce a kai wa riga, mu muka ƙulla zannuwa huɗu, muka ɗaura galan a baki muka wurga. Muka jawo ango yana aman ruwa.

Khairiyya ta durƙusa har ƙasa, ta ce, "Baba, me ya hana ka shiga?"

Ya kalli ƙafafunsa, ya ce, "Ban iya ba."

Na ce, "Ɗaga murya, Sarki, na baya ba su ji ba."

Ya kalle ni, ya kalli tsamiya. Ya maimaita, kowa ya ji.

Da na mayar masa da goran bai karɓa ba. Yanzu albasa yake ba ruwa a fadama, ya juya wa dam baya, ba mai kiransa Sarki sai ni. Goran kuwa na raba shi biyu, agwagina ke wanka a ciki. In ya zo wucewa nakan yi masa tayi, in ce ya shiga, ina nan kusa da zani.