Tiren Mama Dinah

Mama Dinah ta rasu a daminar bara, bayan jinyar mako biyu. Duk wanda ya zauna a unguwar Rikoto a Zuru ya san ta, gajeriyar mace mai ƙatuwar murya, wadda ba ta iya wuce yaro ba ta share masa hanci da bakin zanenta ba. Allah ya ba ta hutawa. Har yau ƙawayenta in sun ji an buga cokali a jikin tire, sai idonsu ya ciko.

Da ƙuruciya ta auri soja, marigayi Dawuda, ta bi shi bariki-bariki. A can kudu ta yi haihuwar fari, cikin mutanen da ko gaisuwarsu ba ta ji. Takan ce wata shida ta yi ba ta da abokin hira sai jaririn. Da suka dawo Zuru suka gina gida mai ɗakunan haya huɗu, sai ta kafa doka ɗaya: yaran gidan tare za su riƙa cin abincin rana. Kowace uwa ta kai abin da ta dafa madafin Mama, a juye a babban tire, a fito da shi gindin mangwaro, ita kuma ta buga cokali.

Shekara huɗu da suka wuce, wani mai aikin tayil, Komlan, ya zo daga Togo ya kama ɗaki, shi da matarsa Akuvi da 'yarsu Afi mai shekara biyu da rabi. Shi yana ɗan jin Hausa, amma tun safe yake fita. Akuvi kuwa ba Hausa, ba C'lela, yaren mutanen Zuru. Da an buga cokali sai ta ja 'yarta ɗaki ta rufe ƙofa.

"Mama, baƙuwar ga taki rowa gare ta," in ji Bilki mai ɗakin kusa da rijiya. "Mi take dafawa ne haka? Naman giwa?"

"Ke dai Bilki, ji da wakenki da ya ƙi nuna," in ji Mama. "Ba rowa ba ce. Na san irin rufe ƙofar nan, ni ma na yi ta."

Abin da ya dame ta shi ne yarinyar. Wuyanta ya zama siriri, kuma kullum da la'asar uwar takan fito da kwano cike ta zuba wa kaji. Ran Lahadi bayan coci Mama ta tare Komlan. Ya sunkuyar da kai ya ce tun zuwansu Afi ta ƙi abinci. Uwar ta bi ta da cokali, 'ya na kuka, uwa na kuka. Akuvi ta riga ta ce in wata ya ƙare a haka, za ta koma da ita Togo wajen mahaifiyarta, shi ya zauna shi kaɗai.

"To me ya hana ta kawo ta tire?"

Ashe Akuvi ba ta taɓa shiga madafin ba, ba ta san kowace uwa na zubawa ba. Ta ɗauka sadaka ce Mama ke yi wa 'ya'yan marasa hali, in Afi ta sa hannu za a ce mijinta ya kasa ciyar da su.

Washegari Mama ba ta aika musu da komai ba. Ta ɗauko tiren da kanta, ta bar gefe guda babu komai, ta ƙwanƙwasa ƙofar. Da aka buɗe ta nuna tukunyar Akuvi, ta nuna gurbin.

"Zuba, ɗiyata. Yarana na jiran naki."

Akuvi ta zuba tuwon masara da miyar kuɓewa mai busasshen kifi. Aka buga cokali. Yara shida suka bar tuwon dawar da suka saba, suka far wa baƙuwar miya. Afi na leƙe daga bayan zanen uwarta. Da ta ga ana wawashe girkin uwarta sai ta ƙwalla ƙara, ta ruga ta kutsa tsakaninsu, ta damƙi kifi ta cusa a baki.

Akuvi ta yunƙura za ta je ta ba ta a baki, Mama ta riƙe mata hannu.

"Zauna. Kada ma ki dube ta. In kin lallashe ta yanzu, ta fasa."

Ba ta ji kalmomin ba, amma ta zauna, hawaye na zuba tana dariya.

Wata ya ƙare ba wanda ya ɗaure kaya. Mama ce ta raka Akuvi asibiti rigakafi, ta zaga da ita kasuwa tana faɗa mata sunan kowane ganye. Hausar farko da aka ji a bakin Afi kuwa a bakin tiren ne: "Bar mini!"

Bayan jana'iza 'ya'yan Mama suka bar wa Akuvi tiren. Afi tana aji ɗaya yanzu, har ta yi ƙane. Uwar ce ke buga cokali, a hankali, kamar mai jin kunya. Bilki kullum sai ta ɗaga murya daga bakin rijiya: "Maman Afi, buga da ƙarfi mana! Da Mama ce, har garin Kanya sai an ji."